Dogon Numfashin Don Nicanor

"Ko ki rage tsawon wurin, ko Perla ta busa shi. Babu hanya ta uku, Citlali."

Leobardo bai ɗaga murya ba, hakan ne ma ya fi yi mata ciwo. Dogon saurayin shi ne jagoran makaɗan nan 'yan kaɗan na birnin Xalapa, shi ne kuma wanda za ta aura bayan damina. Perla kuwa yarinya ce mai busa algaita a ƙungiyar tare da mahaifin Citlali. Sauran sun fice shan kofi, sun bar kujeru da goge a jingine.

"Mahaifina kake magana a kai."

"Malamina nake magana a kai, masoyiyata. Kin manta a gabansa na koyi karatun kiɗa? Yau ma ya yanke a tsakiya. Kowa ya ji, kowa ya sunkuyar da kai..."

"To kai ka faɗa masa, tun da zuciyarka ta bushe."

Ta ga maganar ta soke shi, amma ba ta janye ba. Ta ɗauki jakarta ta fita cikin yayyafi.

Wannan ne kiɗa na farko da aka ba ta ta tsara wa ƙungiyar. A tsakiyarsa ta sa goge da sarewa duk su yi tsit, a bar obo, siririyar algaitar mahaifinta, ta ja layi guda mai tsawo ba tare da an sauke numfashi ba. Haka ta san shi tun tana yarinya: Don Nicanor, wanda kan riƙe sauti har masu sauraro su gaji kafin shi. Da wancan mutumin ta yi rubutun. Ta manta shekaru sun ci huhunsa.

Ta same shi a tsakar gida yana feƙe bakin algaita da 'yar wuƙarsa.

"Kin yi faɗa da dogon nan," ya ce, bai ɗago ba. "Fuskarki kamar an ƙona wake."

"Baba, zan gyara wurin. Zan raba shi uku, ka riƙa hutawa. Ba wanda zai gane."

"Ni zan gane."

"Baba..."

"Zauna, 'yata." Ya ajiye wuƙar. "Me ya sa kika hana numfashi a wurin?"

Ta zauna, ta ce, "Saboda ranar da Mama ta tafi. Yadda muka tsaya a bakin gado, ba wanda ya iya numfasawa."

"To. Na gane hakan tun busar farko. Shi ne za ki yayyanka shi don tsohon da ya sha taba rabin rayuwarsa? Ina jin kunyar yankewa a gaban yara, amma in kika rage kiɗanki don ni, wannan kunyar ba zan iya ɗauka ba."

"Don kai na rubuta shi."

"Kin makara da shekaru, shi ke nan. Ba laifinki ba ne." Ya tura mata bakin algaitar da ya gama. "Kai wa Perla wannan. Nata yana da kauri, shi ya sa take ƙara kamar agwagwa. Dogon nan kuma ki ba shi haƙuri, jiya ya zo nan ya kasa furta komai, sai tamal ɗina, dafaffen ƙullin masarar nan, da ya cinye."

Dariya ta kuɓuce mata, kuka ya biyo baya.

Ranar da aka buga kiɗan, Don Nicanor ya zauna cikin 'yan kallo, karo na farko da ya shiga ɗakin kiɗan a matsayin mai sauraro. Citlali na gefensa. Kafin Leobardo ya ɗaga hannu ya waiwayo ya nemi idonta. Ta gyaɗa masa kai, ya juya.

Goge suka yi tsit. Perla ta ɗauki layin.

Citlali ta ji mahaifinta ya ja iska tare da yarinyar, ya riƙe. Yatsunsa suna tafiya a kan gwiwarsa, kafaɗarsa ta soma rawa. Can ya sake ta a hankali, a daidai inda ya saba yankewa, sautin kuwa ya ci gaba ba tare da shi ba, siriri, har ƙarshe.

Ya lalubo hannunta.

"Ashe haka ƙarshen yake," ya ce a kunnenta. "Ban taɓa jin sa ba. Yana da kyau, 'yata."