Gyalen da Aka Ɗaure Haɓar Alhaji

Fasfo ɗaya, na Nijeriya. Tikitin wasa biyu. Carbi. Asuwaki. Maganin hawan jini. Kwalbar turare. Waya biyu. Makulli ɗaya.

Sajan Ortiz ne yake karanto wa Insfekta Zuhura Abdulmumini jerin kayan ta waya. Ita tana cikin mota a titin Van Wyck, ta maƙale tsakanin bas biyu cike da 'yan kallon ƙwallo masu busa ƙaho. Mako na biyu ke nan da fara gasar cin kofin duniya, birnin ya cika ya batse.

"Shi ke nan?" ta tambaya.

"Shi ke nan. Sunansa Jibrin, shekara hamsin da huɗu, daga Kano. Mai shara ce ta same shi ƙarfe sha ɗaya. Mutumin ƙasarku ne, shi ya sa aka ce a kira ki."

Gidan yana wani lungu a unguwar Jamaica, irin waɗanda ake bai wa baƙi haya na mako ɗaya ko biyu. Gawar tana ƙasa, a karkace da bangon ɗaki, lulluɓe da zanen gado. Likita ya ɗaga zanen. Rauni ɗaya ne a ƙeya, ga ɗan jini a kusurwar teburin gilashi. An zagaya wani gyalen wuya mai launin tutar Senegal daga ƙarƙashin haɓa zuwa tsakar ka, an ƙulle.

"Tsakanin bakwai da takwas na safe," in ji likita. "Kuma an ɗaura wannan tun jiki bai sandare ba."

"Kyamarar ƙofar gaba ta nuna shi da wata mace," Ortiz ya ce. "Ta fita ƙarfe shida da ashirin. Na yarda lokacin bai yi daidai ba, amma likita yana iya kuskure da awa guda. Ta ture shi, ta ja shi tsakar ɗaki, ta ɗaure masa kai kamar mai ciwon haƙori. Shaƙiyanci ne."

Zuhura ta tsuguna. Mamacin yana kwance a gefensa na dama. An rufe masa ido, an miƙe masa ƙafafu. Ta fito da wayarta, ta buɗe manunin alƙibla, ta ajiye kusa da kansa. Kibiyar ta tsaya daidai inda fuskarsa take kallo.

Kakarta mai wankan gawa ce a Tudun Wadan Zariya. Kafin Zuhura ta bar gida tana 'yar shekara sha uku, ta ga irin wannan ƙulli ya fi sau goma.

Ta duba ɗakin. Babu kwalba, babu kofi, kwandon shara wayam, har ledarsa an cire.

"Mutum ya kwana da mace a nan," ta ce, "amma ɗakin kamar na liman."

"Ta share sawunta."

"Akwai ƙofar baya?"

"Akwai. Ba kyamara. Amma a kulle take, ga makullinsa a aljihunsa."

Kafin la'asar Ortiz ya kamo matar. Sunanta Efua, 'yar Ghana, tana aiki a wani gidan rawa a Morris Heights. An sami agogon mamacin a jakarta. Manyan ofis sun kira sau biyu: gari cike da baƙi da 'yan jarida, ba a son magana ta yi tsawo. Gobe ƙarfe goma za a kai ta gaban alƙali da tuhumar kisa.

A ɗakin tambayoyi Efua ta zauna hannu a cinya. Ta girma a unguwar Nima can Ghana, tana jin Hausar zango, da ita ta fara.

"Madam, ni ban kashe kowa ba. Yarinyata Abena yana wurin maƙwabciya. Sun ce in ban fito gobe ba gwamnati za ya ɗauke shi. Shekara shida."

"Agogon fa?"

"Shi ya ba ni. Ya ce yana da irinsa biyar a gida."

"Yaya kika bar shi?"

"Yana minshari. Tumbi a sama."

"Kin share ɗakin?"

Efua ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Aikin shara aka kira ni? Kwalba uku a tebur, kofuna, takardun magani ko'ina. Haka na bari."

"Kina zuwa coci?"

"Duk Lahadi, in ban gaji ba."

"In Musulmi ya mutu, me ake fara yi masa?"

"Ana binnewa da sauri. Abin da na sani ke nan."

Zuhura ta juye jakar matar a tebur. Jan-baki, caja, takalmin yarinya ƙafa ɗaya, sai gyale mai launin tutar Senegal, sabo fil.

"Wannan na wa?"

"Nasa. Ya rataya min a wuya a gidan rawa. Ya ce 'yan wasansu ba su zo ba, ya ari na wasu."

"Wa ya haɗa ku?"

Ta ce, "Issoufou. Mai tebur a Jamaica Avenue. Tun da aka fara ƙwallon nan wayarsa ba ya hutawa."

A waje Ortiz ya ce, "Gyale biyu, sai me? Ana sayar da su a kowace kwana."

"Nasa yana jakarta. Na haɓarsa na wani ne."

Issoufou ɗan Maraɗi ne. Da rana yana sayar da riguna da tutoci, da yamma yana tuƙa baƙi. Yana ganin bajen 'yan sanda a jikin Zuhura ya fara ninke kayan da ba su buƙatar ninki.

"Hajiya, barka da yamma. Riga kike so? Ta kowace ƙasa akwai."

"Ka san Alhaji Jibrin?"

"Alhazai da yawa suke, Hajiya."

"Wanda ka kai wa Efua."

"Ni? Wallahi ni direba ne. Mutum ya ce kai ni nan, in kai shi. Voilà."

"Ya mutu. Lambarka tana cikin wayarsa sau goma sha tara."

Issoufou ya zauna a kan kwalin riguna. Ya yi salati.

"Ina kake daga shida zuwa tara na safe?"

"Filin jirgi. Na ɗauko wasu mutum huɗu daga Abidjan, jirginsu ya makara. A duba kyamara, har faɗa na yi da mai ba da tikitin fakin."

"Mata nawa ka kai masa?"

"Hajiya, su ne suke tambaya. Tun daga filin jirgi, kafin ma su tambayi masallaci. Wani bai ma san wa ke bugawa ba. A gida ana ganin girmansu, nan kuwa ba wanda ya san su."

"Nawa?"

"Uku. Efua ce ta uku."

"Gyale nawa ka sayar masa?"

"Biyu. Ɗaya nasa, ɗaya na yaron nan, Ja'afar."

"Wane ne Ja'afar?"

"Ƙanen matarsa. Tare suka zo, shi ke riƙe masa jaka. Ustazu ne, ko sannu ba ya yi min. Daren farko da ya ga mace ya kwashe kayansa ya koma wurin wani abokinsa a Mount Hope."

"Ya mayar da makulli?"

Issoufou ya ɗan yi tunani. "Mai gida biyu ya ba ni. Na ba kowa ɗaya. Ban ga ya mayar ba."

"Kada ka bar gari. Maganar matan nan ba ta ƙare ba, ni da kai."

Ta kira Ortiz, ta ce ya bi kwandunan sharar lungun ta ƙofar baya, gida-gida. Ya yi gunaguni, amma ya je. A gida na huɗu ya sami farar leda an ƙulle bakinta: kwalba uku, kofi biyu, takardun magani, da katin gidan rawa an yayyaga.

Washegari ƙarfe bakwai ita da Ortiz suka hau bene na uku a wani gini a Mount Hope, kusa da titin Grand Concourse. Ja'afar da kansa ya buɗe. Siriri ne, bai kai talatin ba, malamin lissafi a wata sakandare a Kano. Idonsa ya nuna bai yi barci ba. Ya ba su kujera, shi ya zauna a ƙasa. Ortiz ya tsaya a bakin ƙofa.

"Allah ya jiƙan Alhaji," Zuhura ta ce.

"Amin, ranki ya daɗe. Jiya aka sanar da ni. Yaushe za a ba mu gawar? Ya kwana, bai kamata ba."

"Sai likita ya gama. Yaushe rabonka da gidan?"

"Kwana biyar."

"Makullin fa?"

"Ya ɓata."

"Gyalenka?"

"Shi ma. A filin wasa, cikin turmutsitsi."

"Kana yawan ɓatar da abu."

Ja'afar ya dubi kafet.

"Jiya da safe ina kake?"

"Na yi asuba a masallacin da ke ƙasan benen nan. A tambayi liman."

"Na tambaya. An idar kafin huɗu da rabi. Daga nan zuwa Jamaica awa ɗaya da 'yan mintuna ne a jirgin ƙasa."

"Barci na koma."

Zuhura ta buɗe fayil, ta zaro hoto, ta ajiye a gabansa. Fuskar Alhaji ce da gyalen.

"To, ga yadda ake ciki. Ƙarfe goma za a kai matar kotu. Abokin aikina ya rubuta cewa bayan ta kashe shi ta ja shi a ƙasa, ta ɗaure masa kai don izgili. Wulaƙanta gawa, laifi na biyu. Haka za a karanta a kotu, haka jaridu za su buga, har Kano. An mayar da gawar Alhaji abin wasa."

"Ba izgili ba ne."

"Me ka ce?"

"Ba izgili ba ne, ranki ya daɗe. Haka ake yi. Don kada baki ya buɗe."

"Na sani. Ita ce ba ta sani ba. Ba ta san alƙibla ba, ba ta san gefen dama ba. Wanda ya yi wannan ya tsaya ya duba waya, ya juya mutum mai nauyin buhu biyu shi kaɗai, ya rufe masa ido. Sannan ya kwashe kwalabe ya kai gida na huɗu. Ledar tana wurinmu. Kwalba tana riƙe zanen yatsa."

Ja'afar ya ƙura wa hoton ido. A ƙasa wata mota ta wuce da kiɗa da ihun 'yan kallo.

"Yaya Indo, matar Alhaji, ta haihu ranar Asabar," ya ce. "Aiki aka yi mata. Jini ya ƙi tsayawa. Shekaranjiya da dare ta kira shi sau tara bai ɗauka ba, sai ta kira ni. Ta ce ko asibiti ya kwantar da shi, don ya ce mata zai ga likita a nan. Na ce mata barci yake."

"Sai ka je."

"Na shiga ta baya, kada in haɗu da wata. Na tashe shi. Na ce Alhaji, ka ji tsoron Allah, ka kira matarka. Ya ce shi ya biya min jirgi, ba wa'azi ya kawo ni yi ba. Na ɗauki wayarsa zan kira ta da kaina. Ya mare ni. Ya sake ɗaga hannu, na ture shi." Ya nuna ƙeyarsa. "Sau ɗaya. Teburin ne."

"Ka kira motar asibiti?"

"Ba ya numfashi. Na yi ta girgiza shi."

"Ka kira?"

"A'a."

"Amma ka sami lokacin ɗaure haɓa."

"Ba zan bar shi haka ba, ranki ya daɗe. Baki buɗe, ba riga, a tsakanin kwalabe. Mijin yayata ne. Ya rene ni shekara takwas. Na ce ko ba komai in rufa masa asiri."

"Jiya ka ji an kama mace."

"Na ji."

"Tana da 'ya 'yar shekara shida. Ita wa zai rufa mata?"

Zuhura ta yi wa Ortiz bayani da Turanci a taƙaice. Ortiz ya dubi hoton, ya dubi Ja'afar, ya ciro ankwa. Ya karanta masa haƙƙinsa, ita ta maimaita da Hausa. Sannan ta kira ofis ta ce a dakatar da takardar Efua, a sanar da maƙwabciyar cewa uwar yarinya tana tafe.

Suka sauko da shi. Wani ɗan Ghana mai shago yana rataya tutoci a bakin ƙofarsa, ya tsaya da tuta a hannu yana kallo. Ja'afar ya shiga bayan mota, ya sunkuyar da kai, sannan ya ɗago.

"Hajiya, alfarma ɗaya. Ni na amsa laifina, ko me za a yi min a yi. Amma maganar matan nan, ki cire ta. Ki rubuta faɗa muka yi a kan wani abu daban. Yaya Indo tana gadon asibiti, jibi suna. Ke ma 'yar gida ce, kin san yadda abin yake."

"Na sani."

"To, don Allah."

Zuhura ta duba agogo. Takwas saura kwata. Ta riƙe murfin motar.

"In na cire matan, na cire dalilin da ya sa Efua take ɗakin, na cire Issoufou da wayarsa. Ka riga ka share ɗakin nan sau ɗaya, saura kaɗan wata ta tafi gidan yari a kai."

Ta tura ƙofar ta rufu. Ta gilashi yana kallonta.

"Komai zan rubuta," ta ce. "Yayarka kuma ni zan kira ta, kafin ta gani a waya."