Hannun Baba a Kan Gilashi

Auta tana goge kwanuka a kicin ta jiyo mijinta yana waya a falo, da muryar nan mai zaƙi da yake ajiye wa baƙi: "Za mu fara da tsohuwar ganuwa, mu ratsa unguwar maƙera, mu hau hasumiya, sai mu rufe da gidan tarihi."

Ta taɓe baki. Da wannan muryar ya sace mata zuciya tun tana budurwa. Aikinsa ke nan, zagayawa da baƙi wuraren tarihi, har sunansa ya ɓace, kowa Jagora yake ce masa. Lokacin da yake nemanta ya rantse sai ta gaji da yawo in sun yi aure. Ga shi har ta yaye ɗa, hasumiyar da take hangowa ta tagar ɗakinta ko matakalarta ba ta taɓa takawa ba.

Duk wannan ta shanye. Zancen Baba ne ya tsaya mata a rai. Mahaifinta tsohon malamin firamare ne, ya ƙare ƙuruciyarsa yana zana wa yara ganuwar nan da alli daga hoton littafi, bai taɓa sa ta a ido ba. Ya zo asibitin birni ya sauka a gidansu, likita kuwa bai ɓoye masa ba: ido ɗaya ya tafi, ɗayan ma ya kama hanya.

"Ba na neman komai, Auta," in ji Baba. "In ga ganuwar nan da takubban gidan tarihi kafin fitilar ta mutu, shi ke nan."

Jagora ya dafa ƙirji. "Baba, wannan ai aikina ne. Asabar in Allah ya so."

Asabar ta zo, sai Mama, uwar Jagora da ke zaune tare da su, ta leƙo. Ta ce yayarsa ta kawo yara hutu, a fara da su. Suka dawo da yamma suna nuna wa juna selfi. Mako na gaba baƙin ƙawar Mama ne. Na bayansa kuma surukan yayar. Jagora ba mugu ba ne, amma in Mama ta ce ruwa wuta ne, sai ya ce yana jin zafinsa.

"Bari in kai shi a motar haya," Auta ta ce masa a ɗaki.

"Ina garin ki kai Baba a motar haya? So kike abokan aiki su yi mini dariya? Sori mana, Autata, wikend ɗin nan ba fashi."

Baba ma ya goya masa baya. "Bari mai abu ya nuna abinsa, 'yata. Kada ki kunyata mijinki saboda ni."

Da Mama ta sake karɓe ranar, Auta ta durƙusa a gabanta tana roƙo.

"Ke wai gaggawar me kuke yi?" in ji Mama. "Ganuwa gudu za ta yi?"

"Ganuwar ba ta gudu, Mama. Idon ne ke gudu."

"Ka ji ta ko? Ni take mayar wa magana a gidan ɗana."

Jagora ya sunkuyar da kai, ya ɗauki makullin mota ya fita. Auta ta koma kicin ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta kai wa Mama abinci kamar kullum. Baƙin ciki kam ta sha shi har ta ƙoshi.

Wata safiya ta shiga gaida Baba. Rana ta cika ɗakin fal, har kan gadonsa. Ya juyo wajen muryarta ya ce, "Auta, ba za ki ɗage labulen ba ne?"

Jagora yana bakin ƙofa, ya ji. Makullin ya faɗi daga hannunsa. Daga falo Mama ta ƙwala masa kira, wai ga wasu baƙi a hanya.

"Mama, ki gafarce ni," ya ce. "Yau ba zan iya ba."

Shi ne karo na farko da ya faɗi haka, kuma ya faɗa a makare.

Suka riƙe Baba, ita dama shi hagu, suka ratsa unguwar maƙera yana sauraren ƙarar guduma. A gindin ganuwa ya shafa ta da hannu bibbiyu, ya bi kaurinta yana takawa a hankali, sai ya yi murmushi. "Ashe haka take da kauri. Ni siririya na riƙa zana wa yaran mutane."

A gidan tarihi kuwa komai a cikin gilashi yake, a kulle. Baba ya miƙa hannu yana neman takubban, tafinsa ya sauka a kan gilashi mai sanyi. Ya daɗe a haka.

"To ɗana, gaya mini yadda suke."

Jagora ya buɗe baki. Mutumin da ke zuba wa baƙi bayani kamar ruwa, ko kalma ɗaya ta ƙi fita, sai hawaye. Auta ce ta matso. "Uku ne, Baba. Na tsakiyar ya fi tsawo, bakinsa ya ɗan lanƙwashe, mariƙinsa na fata ne, ya yi baƙi saboda riƙo..."

Baba ya karkata kai. "Yadda kike bayaninsu haka a tsanake, ke ma yau kika fara gani ko?"

Jagora ya zube a gabansu, a tsakiyar mutane, yana neman gafara. Baba ya lalubo kansa ya dafa. "Ni nawa ya wuce. Ita tana da ido. Ka kai ta."

Ya kuwa kai ta. Babu unguwa ko tsohon gini da bai zagaya da ita ba, Mama ma daga baya ta kira ta ta ce a yafe mata. Haƙurin Auta ya dawo mata da mijinta, ta kuma yafe. Amma a sani, biyayya ga uwa ba ta ce a danne haƙƙin mata ba, alheri kuma yana da lokacinsa. Har yau in suka shiga gidan tarihi, Auta ba ta kallon takubban. Wurin da hannun Baba ya sauka take kallo.