Zuma a Kunun Malam Maigandi

Ranar da Zayyanu ya fara ganin Riskuwa ko fuskarta bai kalla ba, hannunta ya bi da ido. Ta kama yatsan mahaifinsa ta soke shi da 'yar allura, ta ɗiga jinin a kan wata ƙaramar na'ura.

"Ashirin da huɗu," ta ce wa likita.

Mahaifin nasa, Malam Maigandi, manomin shinkafa ne a Argungu. Ƙaya ya taka a fadama, ciwon ya ruɓe, zazzaɓi ya kayar da shi har bai san wanda ke kansa ba. Haka suka ɗauko shi zuwa Birnin Kebbi, aka wuce da shi ɗakin waɗanda jikinsu ya yi tsanani.

Zayyanu ya tare ta a bakin ƙofa. "Don Allah, Nas, ashirin da huɗun mene ne? Mutuwa zai yi?"

"Sugan jininsa ne ya hau, ciwon ne ya tayar da shi," in ji ta. "Ka ga na'urar can mai sirinji? Insulin, maganin saukar da suga, take tura masa ta jijiya, kaɗan-kaɗan. Kowace awa zan gwada, in ya hau mu ƙara, in ya sauka mu rage. Tsakanin takwas da goma muke nema."

"To, in ya sauka ai shi ke nan ko?"

"In ya sauka da yawa ya fi hawan saurin kisa."

Sai a lokacin ya dubi fuskarta. Kai jama'a! Mutum yana cikin tashin hankali, zuciya kuma ba ta da kunya. Ya yi sauri ya sunkuyar da kai.

Tun da ba a barin dangi su daɗe a ciki, ya roƙi lambarta don ya riƙa jin labari. Ba ta saba bayarwa ba, amma ta ba shi, don ta ga ƙaton saurayi yana share hawaye da hula.

"Mai allura, nawa ne yanzu?" ya rubuta mata.

"Sha tara. Sarkin tsoro, je ka ci abinci."

"Ba na iyawa. Amma in na ga saƙonki sai in ji numfashina ya dawo."

"To, ga wani. Ka ci abinci."

Malam ba ya iya haɗiya, ta robar hanci ake ba shi kunu duk bayan awa uku. Matarsa Inna Abu, mahaifiyar Zayyanu, ke damawa a gidan ƙanwarta da ke unguwar Badariya, Zayyanu ya kawo a fulas. An gargaɗe su, kada a sa suga ko ƙwaya ɗaya, kuma Inna ba ta sa ba.

Sai dai kwana uku sugan ya ƙi sauka yadda ake so. Likita ya ƙara insulin, ya sake ƙarawa. Riskuwa ta daina tsokanar Zayyanu, shi kuwa daga rashin tsokanar ya gane abin ya ɓaci.

Ran na huɗu da safe ya je ɗaukar kunu, ya tarar da Inna tana tuttula zuma a ciki, ludayi guda cur.

"Inna! Mi kike yi?"

"Zuma ta, ba suga ba," ta ce. "Waraka ta, kowa ya sani. Tun ran da munka zo nike sa mai. Su yi nasu, in yi nawa."

Ya lallashe ta ta dama wani, ya ɗauke kwalbar zumar ya ɓoye. A kan babur yana ta shawara da zuciyarsa. In ya faɗa a asibiti, 'yan'uwan Malam na zaune a baranda, kafin azahar Argungu ta ji cewa Abu ce ke kashe mijinta. Ya ce a ransa, ai tunda an daina, magana ta ƙare. Ya miƙa fulas, ya ja bakinsa ya yi shiru.

Aka ba Malam kunu da safe, aka sake ba shi da rana. Da Riskuwa ta ga sugan ya fara sauka, ta rage insulin kamar yadda aka tsara, har ta aika wa Zayyanu: "Sha ɗaya! Yi murmushi."

Bayan la'asar, lokacin da aka bar su su shiga dubiya, Inna ta taɓa goshin mijinta ta ce, "Zayyanu, wanga gumi fa? Jikinai ya yi sanyi ƙalau."

Kafin ya amsa, hannun Malam ya fara karkarwa, idanunsa suka juye. Inna ta ƙwalla salati. Riskuwa ta taho da gudu, ko lokacin gwaji bai yi ba ta soki yatsan.

"Biyu," ta ce. "Innalillahi! A kira likita!"

Ta kashe na'urar insulin, ta zuƙo ruwan suga a babban sirinji ta fara tura masa ta jijiya. Zayyanu ya ga leɓenta na motsi da addu'a.

"Suga kike ba shi?" Inna ta riƙo rigarta. "Ba shi kunka ce zai kashe shi ba?"

"Inna, sake ni, don Allah."

Zayyanu ya janye uwarsa. Ya koma gefe ya durƙusa a ƙasa. Bai taɓa jin tsoro irin na wannan lokacin ba, don ya san wanda ya jawo. Minti goma sha biyar suka yi masa kamar shekara. Aka sake gwadawa, shida. Karkarwar ta tsaya.

Ya same ta a bayan ɗakin tana wanke hannu, ya faɗa mata komai.

Ta juyo ta dube shi. "Zayyanu, insulin ɗin da muka yi ta ƙarawa, da zumar nan yake faɗa. Ka janye zumar ka bar shi shi kaɗai. Kalma ɗaya da safe, da mun rage shi sosai tun da wuri."

"Uwata ce, Riskuwa. Ya zan yi in tona mata asiri?"

"Shi kuma ubanka ne. A hannuna ya kusa mutuwa, ina ta tambayar kaina ina na yi kuskure."

Ta shiga ta faɗa wa likita shi kaɗai, aka canza tsarin maganin. Daga ranar ta daina amsa saƙonsa. Ya rubuta: "Na yi laifi, ban da bakin kare kaina. Ki hukunta ni yadda kike so, amma kar ki daina gaya mini lambar Baba." Sai ta riƙa turo lamba tsura. "Tara." "Takwas." Ko gaisuwa babu.

Kwana shida bayan haka Malam ya buɗe ido ya nemi ruwa. Yatsan ƙafa ɗaya aka yanke, rai kuwa Allah Ya bar masa. A ranar ta rubuta: "Takwas. Ka ci abinci, Sarkin tsoro." Zayyanu ya karanta ya fi sau ashirin.

Da ya kai wa Inna maganar auren Riskuwa, ta ce sam. "Wagga yarinya ta san abin da niy yi. Kullum in dube ta in tuna? Ka nemo wata."

Ranar sallama daga asibiti, Malam ya kira Riskuwa a gaban ƙannensa. "Ɗiyata, an ce ran nan na leƙa lahira na dawo. Mi ya faru? Wa ya yi sakaci?"

Inna ta daskare a kan tabarma. Zayyanu ya ji kamar ya nutse.

"Baba, suga ne ya sauka, muka tayar da shi," Riskuwa ta ce. "Inna ce ma ta fara lura da gumin. Da ba ta taɓa goshinka ba, da ban zo da wuri ba."

Gaskiya ta faɗa, ba ta ƙara ko harafi ba. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta na girgiza.

"Ni ce, Malam," ta ce cikin kuka. "Zuma niy yi ta sa maka. Yarinyar ga ta sani, ta rufa mani asiri."

Malam ya dubi matarsa ta shekara talatin da biyar, ya ce, "Abu, so ne ya sa ki. Tashi ki share hawaye." Ya juya ga ɗansa. "Kai kuma mi kake jira? Ko sai wani ya riga ka?"

Bisa al'ada ƙannen Malam ne za su je neman auren, amma Malam ya ce da ƙafarsa zai je, ko da tana da yatsa huɗu. Haka ya dogara sanda har zauren mahaifin Riskuwa.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure. Da motar amarya ta iso Argungu, Inna Abu ba ta jira an kawo mata ita ɗaki ba, ta fito har ƙofar gida ta kama hannunta.

"Shigo, ɗiyata, gidanku ne."

Malam Maigandi na zaune a zaure, ya ɗaga hannuwa sama. "Yadda kika tsaya a kaina, Allah Ya tsaya maki. Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Zayyanu ya buɗe baki zai ce amin, kuka ya riga shi.