Gidan Baba Maltby

Ranar Laraba ce, ranar kasuwar garin Louth. Bryony ta dawo da kwandon kabeji ta tarar da wani saurayi durƙushe a ƙofar gidansu yana awo. Gida ne marar bene, shi kaɗai a filinsa, lambu ya zagaye shi. A nan take zaune da mahaifinta, Gordon Maltby, tun da ɓarin jikinsa ya shanye.

"Declan Fenwick, kafinta," in ji saurayin. "Gangaren katako zan yi wa keken guragun Baba. Matsa kaɗan, agwagwata, kin taka min igiya."

"Wa kake ce wa agwagwa?"

"Wadda ta amsa."

Ta harare shi, amma sai ga ta da kofin shayi ta kawo masa. Aikin yini guda, Declan ya ja shi har mako ya zagayo. Kafin tuffa ta nuna a lambun, kowa a layin ya san da maganarsu.

Baba Maltby dai bai so ba. Shi Alistair yake so mata, likitan haƙori ɗan maƙwabcinsu.

"Wannan kafintan ba ke yake so ba, yarinya. Gidan yake kallo. Jira yake in mutu."

"Haba Baba!"

Wata yamma ta dawo daga aiki ta hango Declan da wata mata mai jaka a ƙarshen lambun, suna auna ƙasa suna nune-nune. Ta tambayi Baba, ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ai na gaya miki."

Ko fita ba ta yi ba. Ta rubuta wa Declan saƙo ta waya:

"Tunda gidan kake so, ka jira a sa shi kasuwa. Ni ka fita harkata."

Ta toshe lambarsa. Ya zo ƙofa, ta ƙi buɗewa. Da ya gaji, ya koma aiki a garin Hull. Alistair kuwa ta gwada fita da shi, zuciyarta ta ƙi.

Shekaru suka wuce, jikin Baba ya ƙara tsanani. Wata safiya tana ba shi shayi ya riƙe hannunta.

"Matar nan da kika gani tare da Declan a lambu mai zanen gini ce. Declan ya roƙe ni ya gina muku ɗaki a ƙarshen lambu, don kada aure ya raba ki da ni. Na sani, na yi shiru. Tsoro nake ji, Bryony. Na ga ko ya gina, wata rana zai tafi da ke."

Ta ajiye kofin ta fita lambu, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sannan ta buɗe lambar Declan ta rubuta masa:

"Baba ya faɗa min gaskiya. Ban tambaye ka ba na yanke maka hukunci. Ka yafe min, ko da ka yi aure."

Amsa ta shigo:

"Ban yi ba. Na yi fushi sosai, agwagwata, amma na gaji da fushin. Ina zuwa Asabar."

Da Declan ya shigo ranar Asabar, tsohon ya kasa haɗa ido da shi.

"Na cuce ka, ɗana."

"Ya wuce, Baba."

Suka sa rana a watan Yuni. Baba Maltby ya rasu a Afrilu.

An ɗaura auren a coci, aka yi walima a lambun. Gwaggo Maureen, ƙanwar Baba, ta ɗaga kofi ta ce, "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku riƙa tambayar juna kafin ku yi fushi." Kowa ya ce amin.

Bryony ta jingina da kafaɗar mijinta.

"Da na buɗe maka ƙofar nan, da Baba ne zai raka ni coci yau."

"Da kuwa ya kushe kwat ɗina a gaban kowa."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Ya share mata, ya ja hannunta suka shiga cikin masu rawa.