Wane Haruna Ne Ya Aika Giwa?

Akwai wata yarinya 'yar aji shida a wata makarantar mishan a Kafanchan. Babanta ma'aikacin reluwe ne. Ko yaushe jirgi ya yi kuka, hankalinta sai ya tafi taga.

Ranar Litinin Malama Regina tana koyar da tarihin manyan sarakunan da. Jirgin Jos ya shigo. Yarinya ta shiga ƙirga taragu. Abin da ya shiga kunnenta kawai shi ne Haruna, giwa, da wani sarki.

Malama ta nuna ta. "Ranar Juma'a sufeton makarantu zai zo. Ke za ki ba shi wannan labari. Kin gane ko?"

"Na gane, Malama," in ji ta. Kunya ta hana ta faɗin gaskiya.

A gida ta sami kakarta tana kankare citta.

"Kaka, wane ne Haruna mai giwa?"

"Harunan da na sani a coci wan Musa ne," in ji Kaka. "Amma giwa? Ni dai maraƙi na ji."

"To, sarkin fa?"

"Ai Fir'auna ke nan."

Kanta ya ƙara ɗaurewa. Giwa ce ko maraƙi? A Masar ne ko a ina?

Ranar Juma'a yarinya ta miƙe a gaban sufeto. "Haruna wan Musa ya aika wa Fir'auna giwa. A'a, maraƙi. Maraƙin giwa."

Aji ya fashe da dariya. Sufeto ya cire tabarau ya dubi Malama. Malama ta sunkuyar da kai.

Yarinya ta ga ta jawo wa malamarta kunya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ban saurara ba, kuma ban tambaya ba."

Malama ta ce, "Zauna ki ji. Haruna Rashid ne, halifan Bagadaza. Ya aika wa Shalman, babban sarki a Turai, giwa don abota. Ɗaya Musulmi, ɗaya Kirista. Fiye da shekara dubu ke nan."

Yarinya ta ɗaga hannu. "Malama, yaya giwa ta haye teku?"

Sufeto ya yi murmushi. "Yauwa! A jirgin ruwa aka sa ta. Kin ga, da kika tambaya kin sani."

Tun daga ranar, in ba ta gane ba, sai ta tambaya. Matambayi ba ya ɓata.