Shaidun da ke Ƙarƙashin Dutse

Mrika ta durƙusa a bakin gonarta tana kallon masarar da aka tattake, hawaye na bin kumatunta. Tun da mulkin gurguzu ya faɗi a Albaniya, aka wargaza gonar gwamnati, kowane gida ya koma kan iyakar kakanninsa, marainiyar nan ba ta ƙara sanin hutu ba. Rabon mahaifinta duk tsakuwa ne, amma ta tsince shi da hannu, ta jawo ruwa daga marmaro, har ya yi kore shar. Baffanta Ndoc kuwa, da ya shekara ashirin yana shugaban leburorin gwamnati, baki kawai ya iya noma da shi, don haka tasa gonar ta koma dajin ƙaya. Hassada ta ci shi har ya rame.

Ya toshe mata ruwa, ta haƙura. Ya saki awakinsa cikin wakenta, ta ce Allah na gani. Yau kuma ga wani dutsen iyaka ya tsiro tsakiyar masararta, ya raba ta da marmaron.

"Baffa, me na yi maka? In ka ɗauke ruwan nan ka kashe ni..."

"Ke, rufe min baki! Dutsen kakanmu ne. Wai har gonar mace ake nuna min a garin nan?"

Da dattawa suka taru, tsoho Deda, wanda ya san iyakokin tun kafin gwamnati ta share su, ya zagaya dutsen ya ce, "To Ndoc, a tono shaidu."

"Waɗanne shaidu kuma?"

Aka kalli juna. Ndoc ɗan zamanin gonar gwamnati ne, bai san ba a kafa dutsen iyaka sai an binne ƙananan duwatsu goma sha biyu da gawayi a gindinsa ba. Su ne shaidun. Aka tona, wayam. Mrika, tana shessheka, ta kai su bayan marmaro, inda mahaifinta kan tsaya ya cire hula don girmama wurin. Taraktar gwamnati ta daɗe da ture dutsen iyaka na asali, amma da aka tona, shaidun na nan kwance, goma sha biyu cif.

"Allah na gode maka..." ta ce, ta kifa goshinta a ƙasar.

Ran Lahadi a ɗakin baƙin Deda, kowa aka miƙa masa kofin gahawa da hannun dama. Ndoc aka miƙa wa da hagu, ta ƙarƙashin gwiwa, kamar yadda ake yi wa wanda mutuncinsa ya zube. Ya karɓa, yana jin ruwan marmaro na gangarawa gonar Mrika.