Tafi Wurin Mai Gona

Salmatu ta kwashe tuwo kwano biyu kafin ta tuna. Sai ta mayar da ɗaya cikin tukunya, ta share ido da bakin zane. Jiya ta fita takabar mijinta Mahmudu, masu gaisuwa sun daɗe da ɗauke ƙafa, gidan ya yi mata faɗi. Shekara sha tara suka yi tare a Jibiya, Allah bai ba su haihuwa ba. In dangi suka matsa masa sai ya yi dariya ya ce, "Ni dai Salmatu ta ishe ni."

Tana nan zaune wan mijin, Arzika, ya yi sallama ya tsaya bakin ƙofa.

"Jibi za a raba gado gaban alƙali. Rubu'i ne naki tunda babu ɗa. Gonar Mazanya kuwa cikin gado take."

"Haba Yaya! Kana zaune ranar da zai cika ya ce gonar tawa ce."

"Yauwa, wasiyya ke nan! Ke kuwa mai gado ce, ba a yi wa mai gado wasiyya. Tambayi kowane malami."

"Ba wasiyya ba ce. Tun shekarar da na yi ɓari ya ba ni ita, don in bar kuka."

"Wa ya gani? Daga ke sai shi cikin ɗaki!"

Ya karkaɗe riga ya tafi. Ba hatsin ne ya dame ta ba. A gonar nan take kai wa Mahmudu fura, su zauna gindin gawo yana tsokanarta. In gonar ta tafi, ina za ta ƙara ganin sawunsa?

Washegari da hantsi sai ga Lawwali Bafulatani, wanda ke kai shanunsa ƙasar Faransa, wato Nijar, wajen Maraɗi da damina, kaka ta yi ya ƙetaro. A bakin iyaka ya ji rasuwar. Ya yi ta'aziyya, ya ajiye ƙwaryar nono.

"Inna, in zuba shanu su yi miki taki kamar kullum?"

"Tafi ka tambayi Yaya Arzika. An ce ba tawa ba ce."

"Arzika? Me ya haɗa ni da shi? Shekara sha ɗaya, duk sadda ni da ƙanena Kalilu muka je wa marigayi, sai ya ce, 'Ku tafi wurin mai gona.' Kuma daga rumbunki ake ciro mana dami!"

Salmatu ta dafe ƙirji. Sau nawa ta yi wa Mahmudu ƙorafi kan wannan aike, tana cewa, "Malam, kai fa ka cika son wasa"? Ashe shaidu yake tara mata. Ta fashe da kukan da ba ta yi irinsa ba ko ranar jana'iza.

Gaban alƙali Lawwali da Kalilu suka faɗi abin da suka sani. Alƙali ya dubi Arzika.

"Kyautar da mutum ya yi yana lafiya lau, aka karɓa, aka riƙe shekara da shekaru, ta fita daga gado. Gonar Salmatu ce, rubu'inta kuma yana nan."

Arzika ya sunkuyar da kai. Ita kuwa ba ta ɗaga masa murya ba, sai ta ce, "Yaya, in an yi girbi za a kawo wa yaranka nasu, kamar yadda marigayi ya saba."

Da la'asar ta taka har Mazanya ita kaɗai. Shanu sun bazu cikin kara. Ta zauna gindin gawo, ta bar wa Mahmudu gefensa.

Ku 'yan'uwa, so ba daɗin baki ba ne kawai. In za ku yi wa wanda kuke ƙauna kyauta, ku damƙa masa tun kuna da rai, ku bari mutane su gani. Mai haƙuri kuma, Allah ba ya barinsa ba shaida.